Taken da Faruƙ Bai Amsa Ba

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Hannuna ya daina zogi, sai ƙaiƙayi. Na ce wa Mama a waya man suya ne ya fallatso mini. Da na gaya mata gaskiya, da yau ta hau mota daga Marwa.

Baba Ishaku, surukina, yana zaune ƙarƙashin darbejiya tun da gari ya waye. Da na kai masa kunu ya daɗe yana kallon hannuna, ya ce, "Yarinya, wa ya yi miki wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Allah ya isar miki." Ban ce amin ba.

Na daina barin butar shayi kusa da shi.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Adda Karimatu, yayar mijina, ta zo daga Yelwa. Ko mayafi ba ta cire ba. Suka zauna da mijin nawa, Yaya Faruƙ, a zaure, ni ina ƙofar kicin ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

"Abin da ya yi maka ranar Juma'a a ƙofar masallaci bai ishe ka ba? Gari duk ya ɗauka."

"Na sani, Adda."

"Ka sani, ka sani. Mutumin da bai gane ɗansa ba, gobe wa zai gane? Yarinyar mutane ce a gidan nan, ka ga hannunta. Akwai malami a wani ƙauye kafin a kai Rey Bouba, masu irin wannan yake riƙewa. A kai shi kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace."

Na taɓa jin labarin irin wurin nan. Mari suke sa musu a ƙafa.

Yaya Faruƙ bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a fara gwada asibiti.

Laraba, 9 ga Afrilu, da rana

Zafi. Garwa kamar an kifa tukunya a kanta. An ɗauke wuta, wayata ta mutu a daidai inda mijin yarinyar cikin littafin da nake karantawa a cikinta ya durƙusa yana neman gafara. Ni ban taɓa ganin namiji ya durƙusa ba sai a salla.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Mun je asibiti, ni da Baba a kan moto ɗaya, babur ɗin haya, ina riƙe da rigarsa ta baya kamar yaro. Yaya Faruƙ yana da shanu a mayanka, bai samu zuwa ba.

Likitar mace ce, Dokta Blandine, 'yar kudu, Fulatancinta ya fi Hausarta. Ta tambayi Baba wace shekara muke, ya yi dariya. Ta tambaye shi sunan ɗansa, ya dubi ƙasa. Ta gaya masa wasu kalmomi ta ce ya riƙe, kafin ta rufe baki sun zube.

Duk wannan lokaci yatsunsa suna kan teburinta suna bugawa. Ta ajiye biro tana saurare. Sai ta ƙwanƙwasa teburin da nata yatsun, wani gajeren kiɗa. Baba ya maido mata shi daidai. Ta ƙara tsawo, ya maido. Ta yi wani mai sarƙaƙiya har ta rikice a tsakiya, Baba ya ɗaga kai ya ce, "A'a, Madam, nan kin tsallake." Ya buga mata yadda ya kamata.

Ta ce da ni, "Wace sana'a ya yi?"

Na ce ɗan kasuwa ne, haka aka gaya mini da aka kawo ni gidan.

Ta ce, "Hannun nan ba na ɗan kasuwa ba ne."

Ta ce ciwon ba ya warkewa, kada in yaudari kaina. Amma wanda ya koyi kiɗa tun yana ƙarami, ya yi shekaru yana yi, sau da yawa wannan ɗaki na kansa shi ne yake daɗewa bai rufe ba, kuma idan an buɗe shi wasu abubuwan suna biyowa ta nan: suna, fuska, natsuwa. Ta ce in tambaya a gida. In akwai abin da yake kaɗawa, a ba shi. Ta ce magungunan da ta rubuta ba za su kai wannan amfani ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da yamma

Na tambayi Yaya Faruƙ. Ya ajiye cokali.

"Wa ya gaya miki?"

Na ce likita.

Daga baya ya ce e, Baba makaɗin mahauta ne, kalangu. Tun yana ɗan shekara bakwai kawunsa ya rataya masa. Ya bari bayan ya dawo daga Makka, shi Faruƙ ɗin ne ya biya masa kujera, kuma a can Baba ya ɗaga hannu ya yi alkawari ba zai sake taɓawa ba.

"An wuce wurin nan, Nazira. Kada in sake ji."

Ya tafi masallaci shi kaɗai. Baba ya sa babbar riga yana jira a zaure har aka sauko.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Kalangun yana cikin ɗakin ajiya, a buhu, bayan tsofaffin kwanuka. Ba nemansa na je yi ba. Ko kuwa nemansa na je yi.

Ƙarami ne, siririn ƙugu, igiyoyin fata sun kewaye shi daga baki zuwa baki. Ƙura da kashin ɓera. Na goge shi da zanena na mayar.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan azahar

Yau tun safe Baba yake neman ƙofa. Wai zai tafi gida, uwarsa tana jira. Ya jijjiga ƙyauren har sakata ta lanƙwashe, ya juyo yana kallona da irin kallon ranar butar shayi. Ni kaɗai ce a gidan.

Na shiga na ɗauko.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ya tsaya cak. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya shinshina fatar. Ya ce, "Wane mugu ne ya bar tsarkiya ta bushe haka? Kawo man shanu." Tsarkiya ashe sunan igiyoyin. Ya zauna yana shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya, yana ja, yana saurare. Ya sa shi a hammata ya matse, ya buga da lanƙwasasshen icen kaɗa shi, sai kalangun ya yi wata ƙara kamar mutum ya ce wayyo.

Ya ɗago ya ce, "Ke ce matar Faruƙu, 'yar Dougoï ta Marwa. Nazira."

Tun kafin azumi rabon da ya kira sunana.

Na shiga kicin na yi kuka a kan albasa don in samu abin fakewa, alhali ba wanda zai tambaye ni.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Ya cinye kununsa duka.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Da Yaya Faruƙ ya fita nake ɗaukowa, kafin la'asar in mayar. Ina cusa tsumma a ƙasan ƙofar zaure, kamar tsumma zai tare kalangu.

Baba ya ce kowane mahauci a Garwa yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, da sunansa da na ubansa da na kakansa a ciki. Idan makaɗi ya hango ka ya buga takenka, dole ka tsaya, ka ɗaga hannu ka jinjina, ka amsa da sunanka da ƙarfi. Ko wuƙa ce a hannunka, ko sa ne a kwance. Wanda aka buga wa takensa ya wuce bai amsa ba, ya ce wa makaɗin ba ni ba kai ke nan.

Ya yi ta jero su. Wannan na wane, ya rasu shekarar kwalara. Wannan na wane mai kunne ɗaya, da ya yi faɗa da bijimi a bakin Binuwai. Mutumin da bai san ko ya ci abincin rana ba.

Ya ce in gwada. Na rataya, na buga.

"Kai, kai, kai. 'Yar nan, kiɗa kike ko dakan fura? Kawuna da ya ji wannan, da yatsunki sun kumbura. Ni sai da na shekara ina bugun faifai kafin a bar ni in taɓa fata."

"To Baba, ai ni ba a doke ni ba."

"Shi ya sa."

Muka yi dariya har ya yi tari.

Na ce Yaya Faruƙ fa, yana da take? Ya ce ranar sunansa ya yi masa, bai kwana ba yana gyara shi. Ya buga mini. Gajere ne, yana hawa sama sai ya sauko a hankali kamar ana sauke yaro daga baya. Ya ce da yana ƙarami in ya ji, da gudu yake zuwa ba wando, hannu a sama.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Wani tsohon mahauci, Baba Mahamat, ya jiyo daga titi ya yi sallama. Da sanda yake tafiya, ido ɗaya ya mutu. Baba ya dube shi bai gane shi ba, na ga fuskarsa ta fara rikicewa. Amma hannunsa ya riga shi. Ya buga wani abu, tsohon nan ya saki sanda, ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Ni ne Mahamat na Abdelkerim, mai yanka kafin alfijir!"

Baba ya ce, "Ɗan banza, ashe ba ka mutu ba."

"Ina jiran ka riga ni, ka kama mini wuri."

Suka yi hira har rana ta take. Da zai tafi ya ce da ni a zaure, "'Yata, mijinki ya sani?" Na girgiza kai. Ya ce, "Hm." Ya ɗauki sandarsa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Adda Karimatu ta kira, ta ce ta yi magana da mai mota, ranar goma ga wata mai zuwa. Yaya Faruƙ ya ce to. A gabana ya ce to.

Shi bai ga abin da nake gani ba. Yana dawowa an riga an mayar da kalangun, Baba ya koma mutumin da yake tambayarsa daga ina baƙo.

Na yi tunani. Gobe Juma'a zai dawo gida bayan salla. In ya shigo ya ji takensa, wanda bai ji ba tun yana yaro, ya ga ubansa ya gane shi. Na karanta irin wannan ba sau ɗaya ba. Zuciya ba dutse ba ce. Zai tsaya, idonsa zai cika, zai ce Baba. Har na zaɓi zanen da zan ɗaura.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban san ba shi kaɗai zai dawo ba.

Juma'a dai, da magariba

Mutum uku ne, na kwamitin masallaci, waɗanda suke so su sa shi a cikinsu. Sun zo duba Baba ne.

Baba ya gane shi. Wannan nake so in rubuta, don kada in manta: ya gane shi tun daga bakin zaure, ya ce Faruƙu, ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba, ya buga. Ya buga ya jira. Ya sake bugawa ya jira, yana murmushi, yana kallon hannun ɗansa.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce a'uzubillahi a hankali. Wani ya dubi takalminsa.

Hannun bai tashi ba.

Yaya Faruƙ ya raka su waje. Ya dawo ya wuce ɗaki inda yake ajiye kayan aikinsa.

Sauran ba zan rubuta ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Na share tsakar gida. Guntayen tsarkiya har ƙarƙashin randa.

Asabar, bayan azahar

Ya ce, "Da hankalinsa ya yi wa Allah alkawari. Ke kin jira hankalin ya tafi kin sa ya karya. In ya mutu a haka, ke za ki tsaya masa?"

Na ce likita ta ce.

"Likita za ta shiga kabarinsa?"

Na ce ya kira sunanka.

Ya ce, "Kin san abin da ake kirana a makaranta? Kin san sau nawa na tsaya a bayansa ina riƙe ƙwarya ana jefa mana ƙashi da tumbi? Ki koma ga littattafanki, Nazira. Can ne komai yake ƙarewa da kyau."

Har yanzu ina neman amsar da zan ba shi. Maganar alkawarin nan ta tsaya mini a wuya.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Bai ci ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Bai ci ba. Ruwa kawai. Hannuwan Baba suna kan cinyarsa a kife, ba sa motsi. Na kawo faifai na buga a gabansa da gangan, ba daidai ba, ko zai ce dakan fura nake. Ya kalli bango.

Alhamis, 1 ga Mayu, da rana

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Na buɗe littafi na rufe. Duk mutanen ciki suna magana da yawa.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Na koma wurin Dokta Blandine ni kaɗai, na ce kasuwa za ni. Na gaya mata. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce wani lokaci in irin wannan ya faru suna ja da baya, su daɗe, wani ya ɗan dawo, wani ba ya dawowa. Na ce in an gyara kalangun fa? Ta ce hannun zai iya tunawa. Sauran ba ta sani ba.

Na ce, "Madam, ni na jawo?"

Ta ce, "Ciwon ne ya jawo." Amma ta ɗan jinkirta kafin ta faɗa.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Jiya Baba ya ɓata shimfiɗarsa. Yaya Faruƙ ne ya wanke shi, bai bar ni na shiga ba. Ina jin su ta taga. Baba yana cewa, "Bawan Allah, ka bari, ɗana zai zo ya yi." Shi kuma yana cewa, "To, Baba. To."

Da ya fito bai dube ni ba. Ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannu.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Buhun ba ya cikin ɗakin ajiya. Na duba ko'ina. Ya ƙona shi ke nan.

Adda Karimatu ta aiko da jaka a haɗa kayan Baba. Riguna, bargo, buta, carbi. Ban san ko ana barinsu da bargo a can ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Zafi. Ban karanta komai ba. Ba na jin zan sake.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar

Mota ta zo da hantsi. Adda Karimatu a gaba, jaka a baya. Yaya Faruƙ ya fita tun asuba bai dawo ba, tana ta kiran wayarsa tana tsaki.

Sai ga shi da buhun a kafaɗa, Baba Mahamat yana bin sa da sanda. Sabuwar tsarkiya, fara, tana warin jima. Daga baya tsohon ya gaya mini shi Faruƙ ɗin ne ya zaɓi fatar da kansa a mayanka, suka kai wa wani mai gyara a Pitoa.

Adda ta ce, "Faruƙu, mene ne haka kuma?"

Bai kula ta ba. Ya tsuguna gaban Baba ya ajiye masa a cinya.

Na ɗauka ba abin da zai faru. Baba ya daɗe yana kallon abin kamar an ajiye masa ɗan wani. Can sai hannun hagu ya tashi ya ja tsarkiya, ya sa a hammata. Ya buga sau ɗaya. Ya gyara. Ya dubi mutumin da yake tsugune a gabansa.

Yaya Faruƙ ya riga ya ɗaga hannu. Ya dunƙule shi a sama yana jira.

Baba bai buga taken ba.

Ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Mahauci ne?"

"Mahauci ne, Baba."

"Ban san ka ba. Ba ka da take a wurina. Amma ba a zuwa gaban makaɗi a tashi haka. Yaya sunan?"

"Umar Faruƙ."

"Ɗan wa?"

Adda ta rufe baki da mayafi. Direba ya danna ham a waje.

Ya ce, "Ɗan Ishaku. Ishaku mai kalangu." Da ƙarfi ya faɗa, har maƙwabta za su iya ji.

Baba ya karkata kai yana tunani. Ya ce, "Ban san shi ba. Ya iya kiɗa kuwa?"

"Ba kamarsa a Garwa."

"To, madalla. Zauna, sai na ɗan nema."

Ya fara haɗa masa sabo. Ya buga kaɗan ya tsaya, ya manta, ya koma farko. Bai yi kama da wancan ba ko kaɗan. Yaya Faruƙ ya zauna a ƙasa dirshan da fararen kayansa, hannun yana sama.

Adda ta ce a hankali, "Mai mota yana jira, rana tana yi."

Ya ce, "Ki ce ya tafi. Ana yi mini take, ba na tashi."

Ta tsaya kaɗan, sannan ta fita. Na ji an sauke jaka a zaure.

Asabar, gab da magariba

Baba ya ci tuwo, loma kaɗan. Yaya Faruƙ yana ɗaki, ya juya fuska ga bango, ban shiga ba.

Da nake ɗauke kwano Baba ya riƙe gefen zanena. Bai kira sunana ba. Ya ce, "Yarinya, baƙon nan na ɗazu, ban gama masa ba. Zai dawo gobe?"

Na ce zai dawo, Baba. Nan yake kwana.